Gaisuwar da Ban Yi wa Maƙwabcina ba a Cheras

Assalamu alaikum, Abba.

Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ka sauka Kuala Lumpur lafiya, kunnuwanka sun buɗe daga toshewar jirgi. Allah ya tsare ka a tafiya da zama, ya haɗa ka da abokan zama nagari. Ummanku ce ta cusa takardar a ƙarƙashin ledar yaji, don ta ce nan ne kaɗai ta tabbata hannunka zai kai a satin farko. Na zaɓi rubutu ne saboda na san halina da naka: in na fara magana baki da baki sai ta koma lacca, kai kuma ka koma danna waya kana cewa "to, Baba."

Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi. Aike zan yi maka. Akwai wani tsoho a unguwar Cheras, Ankul Raju, wanda muka zauna a gidansa shekara biyar lokacin da nake karatun digiri na uku. Kana ɗan shekara tara muka taso, ban san ko kana tuna fuskarsa ba. An yi masa mutuwa ina ƙofa da ƙofa da shi ban yi masa gaisuwa ba, yau shekara goma sha biyar ke nan. Ina so ka je ka yi masa a madadina tun yana da rai. Amma ba zan aike ka a makance ba, sai ka ji yadda aka yi.

Da muka isa garin nan, ni da Ummanku da kai, sati uku muka yi a falon wani ɗan'uwa muna neman gida. In na kira dillali a waya, sai ya yi ta haba-haba da ni har sai ya tambayi ƙasata. Ina cewa Najeriya sai gidan ya zama an riga an kama shi. Wata rana na ce bari in je da kaina, na saka shaddata mai aiki, na kafa hula, na riƙe takardar jami'a. Matar da take da gidan ta leƙo ta ƙofar ƙarfe, ta yi murmushi mai kyau, ta ce ba ita ba ce, sauran masu gidajen ne suka yi shawara ba za a ba 'yan Afirka ba. Abin dariyar shi ne abin da ya kawo ni ƙasar: na zo rubuta kundi a kan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, yadda aka hana su kujera a bas da gidan abinci da unguwannin farare. Na sha karanta wannan a littafi ina girgiza kai, ina ɗauka tarihi ne.

A nan na fara kuskure. Na ce wa matar, "Hajiya, ni ba irin waɗancan ba ne. Ni Musulmi ne, malamin jami'a ne, da iyalina." Wato na yarda akwai waɗanda suka cancanci a rufe musu ƙofa, ni dai a cire ni daga ciki. Duk da haka ba ta ba ni gidan ba. Kai ma za a yi maka, watakila a mota, watakila a wajen neman ɗaki. In an yi maka, ka faɗi ko kai wane ne, amma kar ka nemi shiga ta hanyar zagin wanda yake bayanka a layi. Na gwada, na dawo gida ba gida ba mutunci.

Raju ne ya karɓe mu. Ba'indiyen Malesiya ne, malamin tarihi da ya yi ritaya, kuma ya fi ni baƙi nesa ba kusa ba. Yana da gida biyu suna kallon juna a hawa na shida, yana zaune a ɗaya. Bai karɓi takardar jami'ar ba ma. Tambaya ɗaya ya yi, ko matata tana girki da yaji. Na ce sosai. Ya ce, "Boleh," wato ya yiwu, ya miƙo mukulli. Daga baya ya gaya mini shi ma, a ƙasar da aka haifi kakansa, akwai tallan gidan hayar da yake cewa ban da Indiyawa.

Ba shi kaɗai yake zaune ba. Akwai Ankul Weng, ɗan asalin Sin, mai ɗan shagon gyaran agogo a ƙasan bene, mutum mara magana. Ni na ɗauka ɗan haya ne ko tsohon aboki. Me zai sa in yi wani tunani? A garinmu maza biyu suna tafe riƙe da hannu ba wanda zai waiga. Shekara biyu cur ban gane komai ba. Ummanku kuwa ta ce tun watan farko ta gane, ranar da ta ji suna faɗa a kan gishirin miya. Ta ce ba a yi wa ɗan haya irin wannan faɗan. Ni da nake taƙama da bincike, aka bar ni a baya a kan gishiri.

Duk Asabar da hantsi ni da Raju mukan zauna a mamak, irin shagon shayi da gurasar nan na Indiyawa Musulmi, yana karanta mini babin da na rubuta, riƙe da jan biro. Ya fi mai duba aikina tsanani. Wata Asabar ya ajiye babi na huɗu, wanda yake magana a kan masu tsara jerin gwano, ya ce, "Dakta, akwai mutanen da ka bari a waje. Cikin waɗanda suka yi wannan aikin har da irina, amma aka ajiye su a baya don kar su ɓata hoto."

Na ce, "Indiyawa?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Aiyo, Dakta. Shekara biyu kana cin abinci da ni a teburin nan. Shekara ashirin da takwas muna tare da Weng."

Da na buɗe baki, fushi ne ya fara fitowa. Na ce kar ya kuskura ya haɗa gwagwarmayar baƙar fata da ta masu neman jinsi ɗaya. Na ce ni da fatata aka haife ni, ba zan iya tuɓe ta in rataye ba in zan je neman gida. Na ɗaga murya har mai kawo shayi ya tsaya yana kallonmu.

Shi ko gezau. Ya ce bai ce abu ɗaya ba ne, shi malamin tarihi ne, tambayar jarrabawa yake ba ni: in kawo inda suka yi kama da inda suka bambanta. Da na ƙi, sai ya amsa da kansa yana lissafi da yatsa. Ya ce dukansu biyu doka ta taɓa shiga tsakaninsu da wanda suke so su zauna da shi. Dukansu an kore su daga aiki, 'yan sanda sun fasa musu taro, kuma dukansu sun gano cewa roƙo a ɓoye bai kai fitowa titi a gan ka ba. Ya ce na biyun sun koyi fitowa titin ne a wajen na farkon, ba su ma ɓoye ba. Sannan ya juya hannun ya ce, amma ba a taɓa ɗaure kakanninsa an sayar a kasuwa saboda wannan ba, kuma talaucin da aka ɗora wa baƙaƙe gadonsa ake yi daga uba zuwa ɗa, nasa kuwa ba a gado. Ya ce duk wanda ya ce daidai suke bai karanta ba.

Na fara jin daɗi, na ɗauka ya sallama. Sai ya ƙara ɗaya. Ya ce, "Ranar da matar nan ta hana ka gida, ina ka koma?" Na ce wajen iyalina. Ya ce, "Ka koma wajen masu fata irin taka, suka ba ka haƙuri, aka zage ta tare. Kai a ƙofa ake tsayar da kai. Ni buɗe mini ake yi, a kawo shayi, in zauna ina ƙarya har in tashi. Kuma gidan da na fi yin ƙaryar shi ne na mahaifiyata." Ya ce bai san wanne ya fi nauyi ba, yana tambayata ne don ni ne mai digiri.

Shekara da shekaru ina juya tambayar nan, a aji, a mota, wani lokaci ina cikin alwala. Wata rana in ga nawa ya fi nauyi, don shi yana da zaɓin yin shiru ya wuce. Wata rana in tuna cewa ni ban taɓa zama gaban Inna ina ɓoye ko ni wane ne ba, sai lissafin ya rushe.

Litinin na shiga ɗakin karatu don in ƙaryata shi. Na tarar gaskiya ya faɗa, a cikin littattafan da na riga na karanta ma, idona ne yake tsallake wurin. Na rufe su na mayar. Ban saka ko layi ɗaya a kundina ba, ba wanda ya lura, aka ba ni digiri aka tafa mini. Kai shari'a za ka karanta, kuma za ka yi ta cin karo da hujjar da ba ta yi maka daɗi ba. Ka rubuta ta yadda take, sannan ka faɗi ra'ayinka a ƙasanta in kana da shi. Kundin nan yana kan kanta a falo, ka sha ganin baƙi suna ɗaga shi suna yaba nauyinsa. Ni na san babi na huɗu da rami a ciki.

Kar ka karanta wannan ka ce tsoho ya sauya aƙida a Malesiya. Na san hukuncin addininmu a kan wannan al'amari, kai ma ka sani, ban kuma zo in yi masa kwaskwarima ba. Raju ma bai taɓa neman in sa masa albarka ba. Abin da na kasa riƙewa a lokacin shi ne addinin nan dai shi ya koya mini haƙƙin maƙwabci, kuma malamin da ya karantar da ni bai ce sai na leƙa ɗakin maƙwabcin kafin in ba shi haƙƙinsa ba.

Na daina zuwa shayin Asabar. Yau in ce taro, gobe in ce ciwon kai, har ya daina ƙwanƙwasawa. Na kuma yi abin da ya fi wannan muni: na ba wani ɗan garinmu labari bayan sallar Juma'a, wai ina neman shawara. Ba shawara nake nema ba, so nake a san ba ruwana. Kafin sati ya zagayo duk 'yan Najeriyar Cheras sun ji, a ƙasar da irin wannan magana tana iya kai mutum gaban hukuma. Allah ya rufa asiri ba ta kai can ba, amma ba don dabarata ba. Aka yi ta ce mini in tashi daga gidan. Ban tashi ba, kuma kar ka ɗauka don amana ne, ba mai karɓarmu ne a wani wuri. Za ka zauna da samari a unguwar Wangsa Maju, ɗaki ɗaya, banɗaki ɗaya, za ka ga abin da ba a so ka gani, za a gaya maka abin da ba a gaya wa kowa ba. In mutum ya ba ka sirrinsa a kan teburin shayi, ka bar shi a nan. In kana da nasiha, ka yi masa shi kaɗai.

Ummanku ba ta bi ni ba. Da azumi ta ci gaba da aika musu ƙosai da kunun gyaɗa kamar yadda take aika wa kowace ƙofa a hawan. Nakan ga kwanon yana fita, in yi kamar ina karatu.

A shekararmu ta ƙarshe Weng ya faɗi a shagonsa da safe, kafin a kai shi asibiti ya cika. Danginsa suka zo daga wani gari, suka kafa rumfa a ƙasan bene yadda suke yi, kwana uku ana zaman makoki. Na ce wannan kam ba zancen fushi, mutuwa ce. Na yi wanka, na saka farar shadda, na sauka.

Ka san yadda muke gaisuwar mutuwa. Ba a shiga a gaisa da kowa barkatai. Sai ka tambaya su wa aka yi wa rashin, ka nufi mafi kusa, ka zauna gabansa, ka yi masa ya haƙuri, sannan ka bi saura. Tun ina yaro nake bin mahaifina Alhaji gidajen makoki, ƙafata ta san wannan tsarin ko ina barci. Da na shiga rumfar na ga dangi a jere a gaba kusa da akwatin, wa da ƙanne da 'ya'yansu. Raju yana can gefe wajen kujerun roba, riƙe da faranti, yana raba wa baƙi ruwa da gyaɗa. Na ji wata mata tana nuna shi tana ce wa wata, mai gidan da marigayin yake haya ne, mutumin kirki.

Na tsaya. Na san sarai wa aka yi wa mutuwar nan. A duk rumfar watakila ni kaɗai ne aka taɓa gaya wa da baki. Amma na ga in na nufe shi da farko na zauna gabansa, na shaida ke nan, kuma ga mutanenmu biyu a tashar bas ta tsallaken titi suna hango ni. Sai na miƙe wajen wan Weng, mutumin da ban taɓa gani ba, wanda Raju ya taɓa ce mini ya shekara goma bai kira ƙaninsa a waya ba. Na riƙe hannunsa da hannu biyu, na yi masa gaisuwa mai tsawo, mai kyau, irin wadda ake yabo. Da na juyo zan fita hanya ta bi da ni ta gaban Raju. Na ɗaga masa kai kamar mun haɗu a lif.

Ya miƙo mini ruwa ya ce, "Dakta, ka sha, akwai zafi." Na karɓa, Abba. Na sha ruwan mutumin na wuce.

Na hau bene na tarar da Ummanku tana saka mayafi. Ta tambaye ni ko na yi wa Ankul gaisuwa, na ce na yi wa dangi. Sai ta sauka. Ta taga na hango ta ta ja kujerar roba ta zauna kusa da shi, ta karɓe farantin daga hannunsa ta ajiye a ƙasa. Turancinta a lokacin bai taka kara ya karya ba, ban san me ta ce masa ba. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma duk da haka ban sake sauka ba. Wata takwas muka ƙara a gidan ina lissafin lokacin fitarsa don kar mu haɗu. Ranar tafiya ma Ummanku na ba mukulli ta kai masa.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya bambanta ni da matar nan ta bayan ƙofar ƙarfe. Ita ma ba ta zage ni ba, murmushi ta yi, ta ce saboda mutane ne. Wannan shi ne kamannin da na fi tabbata da shi a duk lissafin Raju, kuma shi bai ma kawo shi ba. Ko gwagwarmayar nan biyu ɗaya ce ko ba ɗaya ba, wannan ka je ka yi ta muhawara a aji, za ka ji masu cewa daidai suke da masu cewa haɗa su ma zagi ne. Ka saurari kowa, ka yi tambaya fiye da yadda kake ba da amsa, kar ka yi ihu irin nawa. In ka gano abin da ban gano ba, ka rubuto mini, da gaske ina son sani.

Watan jiya Malam Sabi'u, wanda yake karatu can da iyalinsa, ya zo hutu muka haɗu a wajen ɗaurin aure. Ashe a tsohon gidanmu yake zaune. Ya ce tsohon yana nan, har yanzu 'yan Afirka yake ba haya, yana dogara sanda, idonsa ya yi rauni, ba mai zuwa wajensa sai masu hayar. Na karɓi lambar wayarsa na ajiye, na kasa kira. Gaisuwar mutuwa ba a yi wa wanda ka yi wa irin wannan ta waya, ƙafa ake takawa, kuma likita ya hana ni doguwar tafiya. Kai ne ƙafata, kuma sunan mahaifina gare ka, wanda ya koya mini gaisuwar.

Kar ka bari sai ka gama sabawa da gari. Asabar ɗin farko ka hau jirgin ƙasa zuwa Cheras, Malam Sabi'u zai nuna maka ƙofar. Ka je da hantsi. Ka cire takalmi, kar ka zauna a kujera ko ya matsa maka, ka zauna a ƙasa gabansa. Ka gaya masa kai ɗan wane ne. Sannan ka ce babanka ya aiko ka gaisuwar Weng, ka kama sunan, ka ce babanka ya san shi aka yi wa rashin, ya sani tun a rumfar. Ka ce masa ya haƙuri da Hausa, sannan ka fassara masa. Kar ka kare ni, kar ka ce lokacin ne ko mutane ne. In ya yi shiru ka yi shiru tare da shi, ba a gaggawar tashi. In ya ce ka fita, ka yi masa godiya ka fita, yana da gaskiya.

In kuma ka tarar na makara, ka tambayi wa aka yi wa rashin, ka je ka gaishe shi yadda aka koya maka. Tsorona shi ne ka tambaya a rasa wanda za a nuna maka. In haka ta faru, kar ka turo mini saƙo a rubuce. Ka kira ni, ka yi mini ya haƙuri.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na mutane da na zuciyarka. Allah ya buɗa maka karatu, ya sa ka fi ni ilimi, ya sa ka fi ni ƙarfin hali. Ka riƙe salla, ka ci abinci, ka riƙa kiran Ummanku ko ba ka da abin faɗa. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Babanka.